Yadda za ka mayar da fayilolin ma'aikata kan saba ba tare da ka sauya musu ɗabi'a ba

Wata Litinin da safe aka kira ni wani ofis, kwamfutar akanta, wato mai lissafin kuɗin ofishin, ta ƙi tashi. Da na kara kunne jikin akwatin sai na ji faifan ajiyar yana ƙas, ƙas, ƙas, irin ƙarar da duk mai wannan sana'a ya san ba ta alheri ba ce. Na ce masa, "Malam, a ina kake ajiye takardar albashi?" Ya miƙa yatsa ya nuna baƙin allon, ya ce, "Nan take, ta gefen dama, can ƙasa." A kan Desktop ke nan. Ofishin kuwa yana da saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke jingine da ita. An buɗe wa kowa foldarsa a ciki, har an buga takarda an manna a bango cewa kowa ya riƙa ajiya can. Da na leƙa foldar akantan, fayil uku na tarar, na ƙarshensu ya haura shekara.

Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke fama da lissafin albashi a ƙarshen wata ba shi da lokacin tunanin wace folda ce ta saba, wace ce ta cikin kwamfutarsa. Inda Excel ya nuna masa, nan zai danna ya wuce. Tun daga ranar na daina dogara da takardar bango da taron faɗakarwa. Abin da na ga yana aiki shi ne ka bar mutane su ci gaba da ajiya inda hannunsu ya sani, kai kuma ka bi ta ƙarƙashin ƙasa ka juya Desktop da Documents ɗin su koma kan saba. Wannan dabara tana cikin Windows tun zamanin Windows 2000, sunanta Folder Redirection, ma'ana karkatar da folda. Ma'aikaci zai buɗe Documents ya ga kayansa yadda ya bar su, alhali suna kwance a wani ɗaki, a kan faifan da kai kake kula da shi.

Kafin ka taɓa komai

Na ɗauka ofishinku na da domen, wato akwai Windows Server mai ɗauke da Active Directory, rajistar da ke riƙe da asusun ma'aikata da kwamfutocin ofis, kowa kuma yana shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Idan har yanzu mutum biyar suna shiga da asusu ɗaya, tsaya nan ka fara raba musu, domin ba za ka iya ware wa mutum wurin ajiya ba in kwamfuta ba ta san ko shi wane ne ba. Ka kuma duba nau'in Windows na kowace kwamfuta. Wadda ke ɗauke da Home ba ta shiga domen sam, sai Pro ko Enterprise ko Education, kuma yawancin waɗanda ake sayowa kasuwa, musamman na hannu, da Home suke zuwa.

Daga nan sai ka ɗauki takarda da biro ka zagaya tebur-tebur. A kowace kwamfuta ka shiga C:\Users, ka buɗe foldar mai ita, ka duba girman Desktop da Documents da Pictures da Downloads. Za ka sha mamaki. Sakatariyar da ta shekara goma tana buga wasiƙu wataƙila kayanta ba su kai giga 2 ba, wani kuwa da ya zo bara ya tara giga 60 na bidiyon biki. Ka tambayi kowa ko akwai wani lungun da yake ajiya, a faifan D ne, ko a filash ɗin da ke aljihunsa. Ka haɗa jimillar abin da ya shafi aiki, ka ninka biyu, shi ne mafi ƙarancin filin da za ka tanada.

Sai maganar wuta. Da zarar ka mayar da kayan kowa kan saba, ranar da ta mutu kowa ya tsaya. Dole ta kasance a kan UPS ko inbata mai riƙe ta har janareta ya tashi. Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗan akwatin nan da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, wato swic. Sau da yawa za ka ga saba tana kunne lafiya lau, amma swic ɗin yana jone da soket ɗin bango, NEPA na ɗaukewa ya mutu, kowa ya yanke. Ka haɗa su a layi ɗaya.

Gina wurin ajiya a kan saba

Kada ka ajiye kayan ma'aikata a faifan C na sabar, inda Windows ɗinta yake. Ka ware wani faifan daban, mu ce D, ka buɗe folda a cikinsa mai suna Maaikata. Ka guji ƙ da ɗ da alamar ɗauri a sunayen da za su shiga adireshin netwok, ba don Windows ba ta iya karanta su ba, sai don ranar da za ka buga adireshin da hannu a madannin da ba shi da su.

A cikin Active Directory Users and Computers ka ƙirƙiri rukunin tsaro, wato jerin asusun da ake ba izini a dunƙule, ka sa masa suna kamar Masu-Karkata. Yanzu ka bar shi da mutum biyu kacal: asusun gwaji da ka ƙirƙira, da wani ma'aikaci mai haƙuri wanda zai gaya maka gaskiya in abu ya lalace.

Sai ka raba foldar a netwok da suna Maaikata$. Alamar dala a ƙarshe tana ɓoye ta daga mai leƙe-leƙe a cikin Network, amma ɓoyewa ce kawai, ba kulle ba ne. Windows na da izini hawa biyu, na rabawa da na NTFS, wato na kan foldar kanta da ake saitawa a shafin Security, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke cin nasara. Don kada ka rikita kanka, a shafin rabawa ka cire Everyone, ka ba rukunin Masu-Karkata da Administrators Full Control, sannan ka yi ainihin kullen a shafin Security.

Nan ne wurin da ya kamata ka natsu, domin tun ran gini ran zane. Ka shiga Security, ka danna Advanced, ka danna Disable inheritance, ka zaɓi a mayar da izinin da aka gada ya zama na foldar kanta. Ka goge duk layin da ke ɗauke da Users. Abin da zai rage layi huɗu ne. SYSTEM ya samu Full control a kan foldar da duk abin da ke cikinta. Administrators su ma haka. CREATOR OWNER ya samu Full control, amma a zaɓa masa Subfolders and files only. Na huɗu shi ne rukunin Masu-Karkata, wanda za ka ƙara da kanka ka zaɓa masa This folder only, ka danna Show advanced permissions, ka sa alama a kan guda biyar kawai: List folder / read data, Read attributes, Read extended attributes, Create folders / append data, da Read permissions.

Ga hikimar da ke ciki. Rukunin yana da damar shiga zaure ya gina ɗaki, amma ba shi da damar shiga ɗakin wani. Duk wanda ya gina ɗaki shi ne mai shi, layin CREATOR OWNER kuwa ya miƙa wa mai ɗaki mabuɗinsa. Shi ya sa nake roƙonka kada ka zauna ka buɗe wa kowa foldarsa da hannunka don neman tsari. In ka yi haka kai ne ka zama mai su, ma'aikacin kuma ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Ka bar Windows ta buɗe da kanta ranar da mutum ya fara shiga.

Ka kunna Access-based enumeration a kan rabon, ta cikin Server Manager. Da shi, ko mutum ya gano adireshin zauren, foldarsa kaɗai zai gani, ba zai ma ga sunayen na sauran ba.

Akwai wata shawara da ba dole ba ce, amma duk wanda ya taɓa sauya saba ya san darajarta. Idan ka rubuta adireshi da sunan na'urar, kamar \\SABA1\Maaikata$, ranar da SABA1 ta tsufa ka kawo sabuwa, kowace kwamfuta a ofis tana nan tana neman tsohon suna. Idan ka kafa DFS Namespaces tun farko, adireshin zai ɗauki sunan domen, ya zama kamar \\ofis.lan\ajiya\Maaikata, kai kuma ka sauya na'urar da ke bayansa duk ranar da ka so ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Aikin rabin awa ne yau.

Rubuta dokar

Buɗe Group Policy Management, inda ake rubuta dokokin da saba ke tura wa kwamfutocin domen. Ka nemo sashen da asusun ma'aikata suke ciki, irin sashen da ake kira OU, ba na kwamfutoci ba, domin wannan doka mutum take bi duk inda ya zauna. Idan asusun duk suna cikin akwatin Users da Windows ta zo da shi, ka sani ba a ɗaura doka a kansa, sai ka buɗe sabon OU ka kwashe su can. Ka danna dama a kan OU ɗin, ka ƙirƙiri sabuwar doka, ka ba ta suna mai ma'ana wanda na bayanka zai gane.

A shafin Scope, ƙarƙashin Security Filtering, ka cire Authenticated Users ka sa Masu-Karkata. Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Tun daga gyaran tsaro na MS16-072 da Microsoft ta fitar a watan Yunin 2016, kwamfuta ce ke ɗauko dokar a madadin mutum, don haka in ka cire Authenticated Users ba ka yi komai ba, dokar ba za ta taɓa sauka ba, kuma ba za ta yi maka ƙorafi ba. Ka koma shafin Delegation, ka ƙara Authenticated Users ko Domain Computers, ka ba su Read kawai.

Yanzu ka buɗe dokar ka bi wannan hanya: User Configuration, Policies, Windows Settings, Folder Redirection. Za ka ga jerin foldodi. Danna dama a kan Documents, ka shiga Properties. A Setting ka zaɓi Basic, a Target folder location ka zaɓi Create a folder for each user under the root path, a Root Path ka rubuta adireshin zauren da ka gina. Adireshin netwok za ka rubuta mai farawa da sanda biyu, ba harafin faifai ba. Windows za ta nuna maka misali a ƙasa na yadda foldar mutum za ta kasance. Haka za ka maimaita wa Desktop.

Ni dai waɗannan biyun nake karkatarwa, in ƙara da Pictures in aikin ofishin ya shafi hotuna, da Favorites in akwai masu buƙata. Downloads shara ce mafi yawanci, ka bar ta a gida. Music da Videos ma haka. AppData kuwa ka rabu da ita, domin manhajoji suna rubutu a cikinta ba dare ba rana, in ka ɗora ta a kan waya komai zai yi nauyi.

Shafin Settings yana da akwatuna da ke bukatar tunani. Na farko shi ne Grant the user exclusive rights, kuma da alamarsa yake zuwa. In ka bar alamar, ba mai iya buɗe foldar mutum sai shi, har kai mai kula da saba. In ka cire, Administrators za su gaji izininsu daga zaure. Ina cirewa, saboda ranar da ma'aikaci ya kwanta asibiti ana neman kwangilar da ke hannunsa, ko ranar da za a kwashe kaya zuwa sabon faifai, ba ka son ka shiga ƙwace mallakar foldodi ɗaya bayan ɗaya, abin da ke lalata tsarin izinin gaba ɗaya. Amma cire alamar nan ɗaukar amana ce. Cikin Documents na mutane akwai takardar asibitin matarsa, da hoton katin shaidarsa, da wasiƙar neman wani aikin da bai gaya wa kowa ba. Ka sa shugaban ofis ya rubuta a takarda wa ke da ikon umartar a buɗe foldar wani da kuma a wane hali, a sanar da ma'aikata, kuma yawan masu asusun Administrators kada ya wuce yatsun hannu ɗaya. A Najeriya ma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare irin waɗannan bayanai, amma ko babu doka, leƙen kayan mutum ba da dalili ba cin amana ne.

Akwati na biyu, Move the contents to the new location, ka bar alamarsa, shi ne zai kwashe tsofaffin kayan mutum zuwa saba. Na uku, mai maganar Windows 2000 da XP, kada ka sa masa alama, domin yana tilasta wa Music da Videos su bi Documents, sai ka wayi gari bidiyon bikin nan giga 60 ya sauka a faifanka.

A ƙasa akwai Policy Removal, wato me zai faru in dokar ta daina shafar mutum. Ina zaɓar Leave the folder in the new location. Ɗaya zaɓin yana dawo da kayan cikin kwamfuta, kuma matsalarsa ita ce in ka yi kuskuren cire mutum daga rukuni, kayansa za su bi shi su sauka a duk kwamfutar da ya fara zama, ko da ta ɗakin taro ce. In wata rana kana son dawo da mutum gida da gangan, sai ka rubuta masa doka ta daban.

Saura abu ɗaya. A wata dokar da ke kan kwamfutoci, ka bi Computer Configuration, Policies, Administrative Templates, System, Logon, ka kunna Always wait for the network at computer startup and logon. Windows tana da gaggawar buɗe wa mutum allo kafin netwok ya gama tashi, karkatar da folda kuwa ba ta yiwuwa sai a daidai lokacin shiga. In ba ka kunna wannan ba, sai mutum ya fita ya shiga sau biyu kafin abin ya kama.

Gwaji

A kwamfutar gwaji ka buɗe Command Prompt ka buga gpupdate /force don ta ɗauko sabuwar dokar nan take, ka fita, ka sake shiga. Danna dama a kan Documents, Properties, ka duba shafin Location. In ka ga adireshin saba, ka je can ka tabbatar foldar ta buɗu da sunan asusun. Sannan ka yi gwajin da ya fi kowanne muhimmanci: ka shiga da asusu na biyu, ka buga adireshin foldar na farko da hannu. Dole ta hana ka. In ta buɗe, ka koma kan izini, kada ka ƙara ko mutum ɗaya.

Idan abin bai kama ba, gpresult /r zai nuna maka ko dokar ta iso wurin mutumin. In ta iso amma ta kasa aiki, ka buɗe Event Viewer ka nemi saƙon Folder Redirection mai lamba 502, yana faɗin foldar da ta ƙi da dalilinta. Galibi izini ne, ko wani fayil da sunansa da na foldodin da ke samansa suka haura haruffa 260, irin na masu rubuta jimla guda a matsayin sunan fayil.

Kafin ka karkatar da mai amfani da Outlook, ka leƙa Documents ɗinsa ko akwai folda mai suna Outlook Files. Fayilolin PST da ke ciki, inda Outlook ke tara imel, manya ne, suna buɗe muddin Outlook na kunne, kuma Microsoft da kanta ba ta goyon bayan a yi aiki da su ta kan netwok. Ka fitar da su zuwa wata folda a cikin kwamfutar, ka nuna wa Outlook sabon wurin, ka tsara musu kwafi na daban. Haka manhajojin akanta da ke ajiye rumbunsu a Documents.

Da gwaji ya yi kyau, ka riƙa ƙara mutane cikin rukunin kaɗan-kaɗan, uku yau, biyar gobe. Kada ka zuba ofis gaba ɗaya ranar Litinin da safe. Shigar farko tana jan lokaci domin a lokacin ake kwasar kaya, mai giga 10 yana iya zama yana kallon allo na juyawa tsawon lokaci. Ka gaya masa tun jiya, ka tsaya a kansa, ka hana shi danna maɓallin kashewa, kuma a yi shi da wayar netwok, ba ta Wi-Fi ba.

In saba ta ɓace

Windows tana ajiye kwafin foldodin da aka karkatar a cikin kwamfutar mutum, a wani ɓoyayyen wuri, C:\Windows\CSC. Sunan tsarin Offline Files. In waya ta yanke ko mai laftof ya tafi gida, zai ci gaba da aiki a kan kwafin, in ya dawo sai su daidaita da saba. A wurin da wuta ke wasa da mutane wannan rahama ce, kuma ina barinsa a kunne.

Sai dai yana da haƙoransa. Mutum na iya yin mako uku yana aiki a kan kwafin gida bai sani ba, saboda daidaitawar ta maƙale a kan fayil ɗaya. Ka koya wa kowa buɗe Sync Center ya ga ko akwai jan rubutu. Kai kuma ka riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi: kada ka goge kwamfuta, kada ka sake mata Windows, sai ka ga da idonka cewa ta gama daidaitawa. In fayil ɗaya ya sauya a wuri biyu, Sync Center zai tambayi wanne za a riƙe, ka ce a riƙe duka biyun, mai shi ya tantance daga baya. Laftof ɗin da ke fita waje kuma a kunna masa BitLocker, mai kulle faifai yadda ɓarawo ba zai iya karanta shi ba, tunda kwafin kayan ofis yana cikinsa in aka sace.

Kayan da ba na mutum ɗaya ba

Documents na mutum ɗaya ne. Takardun da sashe guda ke aiki a kansu wurinsu daban. Ka buɗe wani rabon, ka yi wa kowane sashe folda da rukuninsa, Kuɗi, Mulki, Sito. Ka ba rukunin Modify, ba Full control ba, don kada wani ya sauya izini ya kulle abokan aikinsa. Kada ka taɓa ba mutum izini da sunansa, rukuni za ka ba, in an yi masa sauyin wurin aiki ka cire shi nan ka sa shi can. Don foldar ta fito wa kowa da harafinta, ka bi User Configuration, Preferences, Windows Settings, Drive Maps, ka yi amfani da Item-level targeting a shafin Common ka ce harafin S ya nuna wa 'yan Kuɗi tasu, ya nuna wa 'yan Sito tasu. Ka gargaɗe su da abu ɗaya: abin da aka goge daga irin wannan faifan ba ya zuwa Recycle Bin, tafiya yake kai tsaye.

Iyakar fili

Ka girka File Server Resource Manager, wanda ke cikin Windows Server tun 2003 R2. Ka yi samfurin iyaka, mu ce giga 10 ga kowa, ka ɗora shi a kan D:\Maaikata da zaɓin Auto apply template, yadda kowace sabuwar folda za ta samu nata. Ka fara da Soft quota na wata guda, wanda ke kai rahoto kawai ba ya hanawa, ka ga yadda mutane ke ci, sannan ka mayar da shi Hard. Ka sa gargaɗi ya fita a kashi 85 cikin ɗari, don kada mutum ya tsinci kansa ya kasa ajiye rahoto ana jiransa a taro. In wani ya ce ya goge kaya amma filinsa bai ƙaru ba, ya zubar da Recycle Bin, domin na foldar da aka karkatar a cikin kasonsa yake zaune.

Akwai kuma File Screens masu hana ajiye bidiyo da sauti. Sunan ƙarshen fayil kawai suke dubawa, kuma ka tambayi sassa kafin ka kunna, wani aikinsa ne ɗaukar sautin taro. Dokokin ɓoye faifan C da hana rubutu a filash ma suna nan a Group Policy. Na filash yana da amfani a sashen kuɗi. Na ɓoye C kuwa labule ne, bai taɓa hana mai niyya ba, kuma in Desktop da Documents sun koma saba da wuya ka bukace shi.

Kwafi

Yanzu ƙwanka duk suna kwando ɗaya, in ba ka yi kwafi ba an gudu ba a tsira ba. Fara da Shadow Copies: danna dama a kan faifan D na sabar, Configure Shadow Copies, Enable. Yana zuwa da jadawalin ƙarfe 7 na safe da 12 na rana, Litinin zuwa Juma'a, yana riƙe har kwafi 64 in fili ya isa, wato sama da wata guda na ranakun aiki. Ka gyara jadawalin ya dace da ku. In sabarku ba ta tashi sai an tada janareta ƙarfe 8, na ƙarfe 7 ba zai taɓa ɗauka ba. Ni nakan sa ɗaya daf da Azahar, ɗaya daf da tashi, in ƙara Asabar in ana aiki. Da wannan, wanda ya goge shafi goma ya ajiye a kai zai danna dama a kan fayil ɗin, ya shiga Previous Versions, ya dawo da na jiya da kansa.

Amma waɗannan kwafin a kan sabar suke zaune. In ta ƙone sun tafi tare, kuma ƙwayoyin cutar da ke kulle fayiloli su nemi fansa, irin WannaCry da ta tsayar da asibitoci a Birtaniya a watan Mayun 2017, su ma suna goge su. Faifai biyu masu kwafin juna a cikin saba ma ba su wadatar, abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Ka samu faifan waje guda biyu, ka tsara Windows Server Backup ya riƙa ɗauka kullum, ka riƙa musanya su duk mako, wanda aka cire ya kwana a wani gini daban. Sau ɗaya a wata ka zaɓi fayil ɗaya ka dawo da shi daga kwafin, ka buɗe shi ka karanta.

Ofishin da ke biyan Microsoft 365 kuma yake da intanet mai ƙarfi yana iya bin wata hanyar, OneDrive ya ɗauki Desktop da Documents da Pictures ta tsarin Known Folder Move. Tunanin ɗaya ne. Ka dai lissafa datar da kwasar farko za ta ci, kuma kada ka haɗa shi da Folder Redirection a kan folda ɗaya, ba sa zama tare.

Ranar da ma'aikaci zai tafi

Kada ka goge asusunsa, ka dakatar da shi da Disable Account. Ka tabbatar kwamfutarsa ta gama daidaitawa, sannan ka kwafe foldarsa zuwa ma'ajiyar tsofaffi da wannan umarnin na robocopy a Command Prompt na sabar:

robocopy D:\Maaikata\musa D:\Tsoffi\musa /E /COPYALL /R:1 /W:1

Kada ka manta da /R:1 da /W:1. In babu su, robocopy na cin karo da fayil ɗaya da ya ƙi, zai yi ta gwadawa har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowanne. Ka kwatanta yawan fayiloli a ɓangarorin biyu kafin ka share na asali, ka ba magajinsa izinin karantawa kawai, abin da yake bukata ya kwafa zuwa foldar sashe.

Kafin duk wannan, in rabuwar ta arziki ce, ka kira mutumin ya zauna kusa da kai, ka ce, "Yallaɓai, duba ko akwai naka na kanka a ciki." Ya nuna hotunan sunan ɗansa da takardun makarantarsa, ka zuba masa a filash a gabansa, ka cire su daga foldar, sannan ka rufe.